An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Doka da Kalaman Ƙiyayya a Arewa

Lokacin da aka ba ni kaɗan ne, don haka zan tafi kai tsaye.

Na daɗe ina kai ruwa rana da wasu abokan aikina lauyoyi da ke zaune a ɗakin nan. A ganinsu maganin kalaman ƙiyayya a kafafen sada zumunta shi ne sabuwar doka mai tsanani. Ni kuwa har gobe ina nan a kan bakana: dokoki sun ishe mu. Ciwonmu shi ne wa ake kamawa da su, wa kuma ake ƙyalewa.

Tarihin kun san shi. Tun 1960 dokar Final Kod ta tanadi hukuncin tunzura jama'a a sashe na 114, da na cin mutuncin addini a sashe na 210. A 2015 aka ƙaro dokar laifukan intanet, wadda sashenta na 24 ya sa saƙon da ya ɓata wa wani rai zai iya jawo ɗaurin shekara 3 ko tarar naira miliyan 7. Kotun ECOWAS ta ce a 2020 sashen ya tauye 'yancin faɗin albarkacin baki, amma sai a 2024 aka gyara shi. A 2019 ma Sanata Aliyu Sabi Abdullahi ya kawo ƙudirin kalaman ƙiyayya da ya tanadi rataya. To, da wannan tulin dokoki, rai nawa muka ceta?

Ku biyo ni Filato, domin duk hujjata tana can. Ranar 23 ga Yunin 2018 aka kai hare-hare a ƙauyukan yankin Barikin Ladi, aka kashe mutane da dama. Kafin gari ya waye hotuna masu tayar da hankali sun cika Facebook, ana cewa ga abin da Fulani suka yi wa Birom. Binciken da BBC ta yi daga baya ya nuna wasunsu ba su da alaƙa da harin ko kaɗan. Wani bidiyon ma daga Kongo Barazabil ya fito, tun 2012. Amma wa ke tsayawa bincike alhali zuciya tana tafasa? Washegari matasa suka datse hanyoyi a Jos, suna sauke matafiya daga mota, suka kashe mutum 11 saboda ƙabilarsu da addininsu kawai. Cikinsu akwai mai sana'ar dankali da ya fita neman abincin iyalinsa.

Ku dubi yadda abin ya tafi, mataki-mataki. Akwai gaba ta shekaru, kamar busasshiyar ciyawa a kaka. Akwai wanda ya ɗauko tsohon bidiyo ya laƙaba masa ƙarya. Akwai masu dubban mabiya da suka yaɗa. Tsakanin yaɗawa da zubar jini kwana ɗaya tak. Wannan shi ne tunzuri, kuma duk sharuɗɗa shida da masana suka shimfiɗa a birnin Rabat a 2012 ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya sun cika a nan: yanayin gari, matsayin mai magana, niyyarsa, abin da ya faɗa, nisan da maganar ta kai, da yiwuwar ta haifar da ɓarna. Irin wannan mutum ne doka ta kamata ta bi har gida.

Amma wa take bi? A Nuwamban 2022 jami'an tsaro suka ɗauko wani ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutse zuwa Abuja, aka gurfanar da shi, aka tsare shi, saboda saƙo ɗaya da ya rubuta a Twitter kan uwargidan shugaban ƙasa ta lokacin. Sai da ɗalibai suka tashi tsaye aka janye ƙarar. Ban ce yaron ya kyauta ba. Amma babu wanda ya ɗauki adda saboda saƙonsa. A shekarar 2022 ɗin dai aka kashe wata ɗaliba a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari da ke Sakkwato, ana ɗauka da waya, kuma mutum biyu kacal aka gurfanar, ba ma da laifin kisa ba. A Yunin 2023 aka kashe wani mahauci Musulmi a mayankar garin bisa zargin ɓatanci. Wutar da aka ƙyale ba ta tambayar gidan wa za ta ci.

Na taɓa tsaya wa wani yaro da aka tsare mako uku don ya zagi wani shugaban ƙaramar hukuma. Ranar beli mahaifiyarsa ta zo harabar kotu, ta kwance bakin zanenta ta miƙo mini kuɗin akuyoyinta biyu, hannunta na rawa. A makon nan kuma, a teburin mai shayin unguwarmu, na ji samari suna sauraron wani guntun wa'azi, mai wa'azin ya kama sunan wani malami yana cewa jininsa ya halatta. Babu wanda ya gayyace shi ofishin 'yan sanda.

Nan ne ɗarikanci da ƙungiyanci suka shigo. Saɓani tsakanin Izala da Ɗarika da Shi'a ba yau ya fara ba, kuma raddi na ilimi halal ne. Amma mu da muka ga an harbe Sheikh Ja'afar Mahmud Adam yana limancin asuba a Ɗorayi ta Kano a 2007, ba za a gaya mana illar halatta jini ba.

Masu cewa zagi ma yana kai wa ga fitina, amsarsu gajera ce: wanda aka ɓata wa suna ya shigar da ƙarar neman diyya, kamar kowane ɗan ƙasa.

Shawarata uku ce. Na farko, a daina tura 'yan sanda kan zagin masu mulki. Na biyu, manyan lauyoyin jihohi su umarci masu gabatar da ƙara su auna kowane saƙo da sharuɗɗan Rabat, su kuma gurfanar da duk wanda ya kira a kashe wani, komai girman rawaninsa ko cocinsa. Na uku, a tilasta wa kamfanonin kafafen sada zumunta su ɗauki masu jin Hausa da Fulatanci da Birom su tace abin da ake yaɗawa.

A ranar da hotunan nan na Filato ke yawo, Liman Abubakar Abdullahi na ƙauyen Nghar ya ɓoye mutane fiye da 200, yawancinsu Kiristoci, a masallacinsa da gidansa, ya tsaya a ƙofa ya hana a shiga. Dattijo ɗaya ya sauke nauyinsa ba tare da bindiga ba. Saura mu da aka danƙa wa doka.