Ruwan da Ba Ya Motsi: Zaɓen Famfo Don Akwatin Kifi a Kumasi

Lacca da aka gabatar ga taron masu sha'awar kiwon kifi a Anloga, Kumasi

 

An nemi in yi magana a kan famfon da ke juya ruwa a cikin akwatin gilashi na kifin teku, irin wanda wasu alhazanmu suka gani a gidan kifi na Fakieh a Jidda, suka dawo suna ba da labarin launukan kifin Bahar Maliya. Na san yawancin waɗanda ke zaune a nan tarwaɗa suke kiwo a tankin tamfol a bayan gida, a Aboabo ko Asawase ko Sawaba. Ina roƙonku kada ku tashi. Akwatin ruwan gishiri shi ne wurin da kuskure ya fi saurin bayyana, shi ya sa ya fi daɗin koyarwa, amma abin da ke kashe kifi a cikinsa shi ke kashe naku.

Mu fara da tafkin da ke kusa da mu. Bosomtwe yana wajen kilomita 30 kudu maso gabas da Kumasi, a cikin ramin da wani dutse daga sama ya haƙa fiye da shekara miliyan ɗaya da suka wuce. Zurfinsa ya kusa mita 80, tuddai sun kewaye shi, babu kogin da ke fita daga cikinsa. Ruwan sama-sama yana da ɗumi da iskar shaƙa, shi ne inda masunta ke kamun kifi a kan katakonsu. Na ƙasa kuwa kwance yake, iskar oksijin ta ƙare a cikinsa, sai ruɓaɓɓen abu da wari. A wasu shekarun, idan saman tafkin ya yi sanyi, ruwan ƙasan nan yakan taso, kifi ya fito sama yana haki, wani ya mutu. Ruwa bai ƙare a tafkin ba, kifin kuma ba ciwo ya yi ba. Abin da ya faru shi ne ruwan da ya daɗe bai ga sarari ba ya riske shi. Duk akwatin da ke da lungun da ruwa ba ya kaiwa, to yana tara irin wannan ruwan a ƙarƙashin duwatsunsa.

Oksijin ta saman ruwa take shiga, inda ruwa ya haɗu da iska, kuma ba ta da yawa tun farko. Ruwan daɗi mai zafin digiri 25 ba ya riƙe fiye da miligiram 8 da ɗan ɗoriya a kowace lita. Idan zafin ya kai 30, sai ya sauko wajen 7.5. Ruwan teku, mai gishiri giram 35 a lita, yana riƙe ƙasa da haka da kusan kashi ɗaya cikin biyar. Ke nan mai akwatin kifin teku a Kumasi, a watan Fabrairu ko Maris, zafi yana rage masa, gishiri yana rage masa. Abin da ya rage a hannunsa shi ne ya riƙa ɗago ruwan ƙasa zuwa sama ba dare ba rana.

Aiki biyu ne a nan, kuma mutane suna haɗa su su ɗora wa famfo ɗaya. Na farko shi ne ɗaga ruwa daga ƙaramin tankin tacewa da ke ƙarƙashin tebur zuwa akwatin da ke sama. Wannan yana buƙatar ƙarfin turawa, amma ba ya buƙatar yawa: ruwan akwatin ya zagaya sau uku zuwa biyar a awa ya wadatar, don matacin ya sami lokacin aikinsa. Na biyu shi ne motsa ruwan cikin akwatin kansa, kuma wannan ƙaramin famfo mai farfela ke yi, wanda ake manna wa a jikin gilashi da maganaɗisu. Ba ya ɗaga ruwa ko taƙi ɗaya, kaɗa shi kawai yake yi.

Murjani ne ya sa na biyun ya zama dole. Dabba ce, ko da yake ta yi kama da dutse ko tsiro, kuma inda ta kafu nan za ta zauna har ƙarshen rayuwarta. Ba ta zuwa neman abinci, ruwa ke kawo mata. Ba ta matsawa daga ƙazantarta, ruwa ke ɗauke mata. A jikinta akwai wani siririn ruwa da ke manne, wanda idan motsi ya yi rauni sai ya yi kauri, iska ta kasa ratsa shi. Masu wannan sana'a sukan auna da girman akwati: murjani mai laushi, sau 10 zuwa 20 a awa, mai tauri mai ƙananan baki, sau 30 zuwa 50. Akwatin lita 200 ke nan yana son lita 2,000 zuwa 4,000 a awa a hali na farko, 6,000 zuwa 10,000 a na biyu. Amma a kula, siffar motsin ta fi adadin muhimmanci. Ruwan da ke fita siriri da ƙarfi daga bakin bututu yana ɗaye naman murjanin da ke gabansa, alhali lungun da ke bayan dutse yana kwance. Ana son motsi mai faɗi, mai sauya alƙibla. Famfo biyu masu fuskantar juna suna ba da wannan. Don gwadawa, a zuba ɗan garin abincin kifi, a tsuguna a bi shi da ido. Inda ya sauka ya kwanta, nan ne matsalar take.

Yanzu ga abin da ya fi cin kuɗin mutane a kasuwannin Adum da Kejetia: lambar da ke jikin kwali. Idan an rubuta lita 3,000 a awa, ma'anarsa famfon yana ajiye daidai da saman ruwa, babu hawa, babu tiyo. Da zarar ya fara ɗagawa, ruwan yana raguwa, kuma akwai tsayin da idan an kai, ko ɗigo ba zai fito ba. Wannan lambar ta biyu, ta iyakar tsayi, ita ma tana rubuce, da ƙananan baƙaƙe. Kowane lanƙwasa a bututu, kowane tiyo mai ƙaramin baki, yana ƙara wa famfo nauyi. Mu a Anloga bai kamata a koya mana awo ba, unguwar da ta yi suna da kafintoci kafin a mayar da yawancinsu Sokoban. Kafintan da ya ƙera maka teburin ya riga ya zaɓa maka rabin famfon, domin tsayin teburin shi ne tsayin da ruwa zai hau. A auna daga saman ruwan tankin ƙasa zuwa bakin akwati kafin a je kasuwa. A kuma gaya masa lita 200 ta haura kilo 200, ban da gilashi da duwatsu.

Gishiri ba ya raga wa ƙarfe. Famfon da aka yi don rijiya ko maɓuɓɓugar ado, mai sandar ƙarfe a cikinsa, zai yi tsatsa. Wanda ke da mahaɗin tagulla ya fi haɗari, don jan ƙarfen da ke cikinta yana narkewa kaɗan-kaɗan, kuma ɗan ƙanƙani ya isa ya kashe murjani da jatan lande. A nemi mai sandar tangaran, wanda roba ta rufe shi ruf. Wanda ɗan'uwa zai aiko masa daga Amurka kuma, ya duba: can wutarsu bolt 120 ce, tamu 230.

Famfon da ke nutse a ruwa, duk wutar da ya ci zafi take komawa a cikin ruwan. Murjani digiri 25 zuwa 26 yake so, idan ya daɗe sama da 30 sai ya fara fari. Shi ya sa kamfanin EcoTech na Amurka ya fitar da injin famfonsa na VorTech wajen gilashi, farfelar kawai ke ciki. Yana da tsada. Tunze na Jamus da Jebao na Sin suna da masu cin wuta kaɗan. A yi lissafin mita kuma: famfo mai wat 40 da ba ya hutawa yana cin kusan yunit 29 a wata.

Na bar mafi nauyi ƙarshe. Duk wanda ya rayu a garin nan a 2015 ya san dumsor, wato yawan ɗauke wuta, kuma har yau ba wanda zai rantse wuta za ta kwana. Littattafan da aka rubuta kan wannan sana'a a Turai ba su ɗauki wannan a matsayin abin yau da kullum ba, mu kuwa dole shi ne tambayarmu ta farko. Akwatin teku mai kifi da yawa, idan ruwansa ya tsaya cikin dare mai zafi, awoyi kaɗan sun isa a yi asara. A ganina, gara ƙananan famfo biyu da babba ɗaya, kuma ɗaya daga cikinsu ya zama mai aiki da bolt 12 ko 24, wanda batir zai iya riƙewa har asuba, yana kaɗa saman ruwa. Wanda kuɗinsa bai kai batir ba, ya dakata da sayen kifin. Raina ba ya son ganin dabbar da aka ɗauko daga tekun da ke nesa, ta sha wuyar jirgi, ta zo ta shaƙe a ɗakinmu saboda abin da aka san zai faru.

Ɗauke wuta yana da wasu sharri biyu. Idan famfon ɗagawa ya tsaya, bututunsa yakan juya ya riƙa zuƙo ruwan akwati zuwa ƙasa har tankin tacewa ya cika ya malale a daɓe, kusa da soket, ga shi ruwan gishiri yana ɗaukar wuta sosai. Ƙaramin huji a jikin bututun, ɗan ƙasa da saman ruwa, yana tsayar da wannan. Na biyu, famfon da farin dutse ya taru a farfelarsa yana iya ci gaba da juyawa wata da watanni, amma idan ya tsaya sau ɗaya ba zai iya tashi ba. Wuta ta dawo, fitila ta kama, maigida ya koma barci, famfo kuwa gurnani kawai yake yi. A riƙa cire farfelar duk wata biyu ko uku ana jiƙa ta a ruwan khal, a goge da tsohon burushi.

Ku masu tarwaɗa, kifinku yana da wata gaɓa a bayan kai da ke ba shi damar shaƙar iska kai tsaye, don haka yana jure ruwan da zai kashe karfasa. Juriyar nan tana ruɗar mai kiwo. Kifin bai mutu ba, amma ya rage cin abinci, girmansa ya tsaya, amoniya tana taruwa a ƙasan tanki. 'Ya'yan kifi kuwa gaɓar tasu ba ta gama fitowa ba. Idan kun koma gida, ku kashe famfonku da gangan da rana, kuna tsaye, ku ga inda ruwa zai bi, sannan ku kunna ku ga ko zai tashi da kansa. Wanda yake da tambaya, bismillah.