Kafin Yaro Ya Sa Kaki: Yadda Aka Riƙa Shiga Kwalejin Soja ta Welbeck



An nemi in yi magana a kan makarantun kwana na soja, yadda yaro ke neman shiga da irin shirin da ya kamata ya yi. Na ga ya fi mu ɗauki makaranta guda mu dube ta da kyau, kuma wadda na ɗauka ba a ƙasar nan take ba. Sunanta Welbeck, a Ingila. Tsarin sojanmu daga hannun Birtaniya muka gaje shi, kuma yadda suka riƙa tace yara a wannan makaranta yana nuna ƙarara abin da soja ke nema a jikin matashi.

A Ingila yaro yakan rubuta jarrabawar GCSE yana da shekara 16, sannan ya yi shekara biyu a abin da suke kira aji shida, ya rubuta A-Level, da ita kuma zai shiga jami'a. Dattawan da ke zauren nan sun san wannan, don mu ma mun yi shi da sunan HSC kafin a kawo tsarin 6-3-3-4. To waɗannan shekaru biyun su ne Welbeck ta riƙe. Rundunar sojan ƙasa ta buɗe ta a 1953, a wani katafaren gidan sarauta kusa da garin Worksop. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu sun gane cewa yaƙi ya koma na inji da rediyo da gada da makamai masu buƙatar lissafi, hafsoshinsu kuwa yawanci 'ya'yan masu hali ne da suka fito daga makarantun kuɗi. Suna son yaran makarantun gwamnati masu kaifin ƙwaƙwalwa su ma su samu ƙofa. Da fari maza kaɗai ake ɗauka, daga baya aka fara ɗaukar mata. A 2005 aka mayar da ita Woodhouse, kusa da Loughborough, ta zama ta sojan ƙasa da na ruwa da na sama, har da farar hula masu aikin injiniya a Ma'aikatar Tsaro.

Shekarar da ta biyo bayan buɗe ta, a watan Mayun 1954, Turawan nan suka kafa Kamfanin Yara a Zariya da yara 30, ƙarƙashin Kyaftin Wellington Bassey. Ita ce ta zama Makarantar Soja ta Zariya, wadda ta fitar da irin su Joseph Garba da Tunde Idiagbon da David Mark. Bambancin shi ne tamu tana ɗaukar yaro tun yana ƙarami, da ya gama firamare, Welbeck kuwa sai ya fara mallakar hankalinsa.

To a wancan zamanin, ga yaro ɗan shekara 15, yana ajin ƙarshe na sakandare, yana son shiga. Abu na farko da za a duba shi ne lissafinsa. A lokacin lissafi dole ne ga duk wanda ya shiga Welbeck, yawancinsu kuma suna haɗawa da fiziks. Makarantarsa za ta aiko da rahoto da hasashen sakamakon da zai samu, in kuma aka ba shi gurbi, da sharaɗi ne: sai sakamakon GCSE ya fito ya cika abin da aka gindaya. Ina so iyaye su riƙe wannan. Sau nawa muke jin an ce, "Yaron nan ba ya jin karatu, a kai shi soja"? Ƙofar hafsa ba ta buɗuwa ga wanda ya guje wa allo. Janar Murtala Muhammad, da ya fito daga Kwalejin Barewa ya tafi Sandhurst, sashen sigina ya shiga, aikin rediyo da waya da lissafi.

Bayan takardu sai gwajin lafiya, sannan babban mataki, wato zama gaban hukumar tantance hafsoshi. Mai son sojan ƙasa zai tafi Westbury, mai son na ruwa ya tafi Gosport, mai son na sama ya tafi Cranwell. Wuraren da ake gwada manya masu digiri, nan ɗin aka riƙa kai waɗannan yara, su kwana su tashi ana kallonsu.

Ina so mu ɗan tsaya a Westbury. Da isar yaro za a ba shi riga mai lamba a ƙirji da baya, a sa shi cikin ƙaramin rukuni, da lambar kuma za a riƙa kiransa. Babu wanda zai tambayi ɗan wane ne shi. A fitar da su fili, ga katako biyu ko uku, ga igiya, ga ganga mai nauyi, ga wani wuri da aka shata aka ce kogi ne, duk wanda ƙafarsa ta taɓa ya faɗa ruwa. A ce su ƙetare da gangar cikin 'yan mintoci. Wani lokaci ba a naɗa shugaba, a bar su haka nan. Hafsa yana tsaye gefe da takarda, bakinsa a rufe. Yana kallon wanda ya fara ihu yana ba da umarni bai auna tsawon katakon ba. Yana kallon wanda ya yi shiru ya ga mafita amma ya kasa buɗe baki. Yana kuma kallon wanda ya ji shawarar ɗan'uwansa ta fi tasa, ya karɓa, ya ce a yi da ita. Sau da yawa rukunin ba ya ma ƙetarewa kafin lokaci ya cika, kuma wannan bai hana a ɗauki wasu daga cikinsu ba, domin halin da suka nuna a tsakiyar ruɗani aka zo gani.

Akwai kuma gwajin tsara dabara. A ba yaro labari a rubuce: kuna daji, ɗaya ya ji rauni, mota tana tafiyar kilomita kaza a awa, gada ta karye, asibiti na rufewa ƙarfe kaza. Ya lissafa nisa da gudu da lokaci da hannunsa, ya fito da shawara, sannan ya tsaya a gaban jama'a hafsa yana yi masa ruwan tambayoyi. A nan ake gane wanda ya haddace lissafi da wanda ya iya shi. Sai muhawara a kan al'amuran yau da kullum, da rubutun insha'i, da gudun kai-da-komo tsakanin layi biyu masu nisan mita 20, ƙararrawa na ƙara sauri har numfashi ya ƙare.

Daga ƙarshe a zaunar da shi a tambaye shi: me ya sa kake son wannan aiki? Ni a ganina duk gwaje-gwajen babu mai nauyin wannan. Yaron da ubansa ya tura, da an yi masa tambaya ta biyu da ta uku amsarsa take ƙarewa. Kuma ya kamata ta ƙare, domin abin da zai sa hannu a kai ba ƙarami ba ne: shekara biyu a Welbeck, shekara uku ko huɗu a jami'a yana karatun injiniya ko kimiyya da tallafin Ma'aikatar Tsaro, sannan horon hafsa, wanda a Sandhurst mako 44 ne, sannan shekarun aiki da ya yi alkawari. Ɗan shekara 16 ne ake nema ya yanke hukuncin da zai bi shi har ya kusa talatin. Wannan yana damuna, ba zan ɓoye muku ba. Abin da ya ɗan sassauta shi ne a lokacin ɗalibin Welbeck bai zama soja ba tukuna, ɗalibi ne, kuɗin da iyaye ke biya kuma gwargwadon samunsu ake yanka shi. Duk da haka, haƙƙin uba ne da uwa su karanta kowane layi na yarjejeniya, su san abin da zai biyo baya in yaro ya ce ya fasa.

To wane shiri ake yi? Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Babu ɗaya cikin abubuwan da na lissafa da ake koya cikin mako biyu. Gudu wata da watanni yake so, da asuba, a hankali, kada a je a karya gwiwa saboda gaggawa. Sanin duniya yana so yaro ya saba da jin labarai da karanta jarida, ya iya faɗin ra'ayinsa a gaban manya cikin ladabi, ya kare shi. Nan muna da aiki a gidajenmu, domin mun saba yaro ya sunkuyar da kai ya yi shiru, muna ce masa kunya. Kunya abu ne mai kyau, amma hafsa zai tsaya gaban mutum talatin, wasu sun haife shi, ya ce musu ga inda za a bi. A bar yaro ya riƙe wani abu tun yanzu, ko monita ne a aji, ko kyaftin ɗin ƙwallo, ko kuɗin cefanen gida, ya yi kuskure a gyara masa. A kuma koya masa wanki da guga da gyaran gado da tashi ba a tashe shi ba, don a makarantar kwana kewar gida da rashin iya kula da kai suna kayar da yaron da lissafi bai kayar ba.

Welbeck dai ta rufe. A 2019 gwamnatin Birtaniya ta sanar da cewa za ta daina wannan tsari ta koma neman injiniyoyinta daga cikin ɗaliban jami'a, rukunin ƙarshe kuma ya fita a 2021. Amma hukumomin tantancewa suna nan suna aiki, mu ma muna da irinsu. Mai neman Kwalejin Horon Hafsoshi ta Kaduna, wadda aka kafa a 1964, sai ya kawo kiredit biyar har da Turanci da lissafi, ya rubuta JAMB, ya ci jarrabawar tantancewa, sannan ya bayyana gaban hukumar zaɓe ta rundunonin soja. Kowace jiha tana da kasonta. Abin da ke ba ni takaici shi ne yawan lokacin da iyaye ke ɓatawa wajen neman takardar wani babba, alhali makarantar da yaron yake ba ta da malamin fiziks, kuma babu wanda ya je ya yi magana a kai.

Sai abu guda da nake roƙon kowane uba ya yi tun kafin a cike fom: a kai yaro asibiti a duba shi sosai. A auna idonsa, musamman ko yana bambance ja da kore, don akwai masu wannan matsala da ba su sani ba sai ranar gwaji, kuma tana rufe ƙofar tuƙin jirgi da wasu fannonin injiniya. A duba jinsa, da ƙirjinsa ko yana da asma, da jininsa. In akwai abin da magani zai gyara, a gyara da wuri. In kuwa babu, gara yaro ya ji daga bakin likita yana da shekara 14, da sauran lokacin da zai karkata zuwa wani fannin da lissafin nan nasa zai yi masa amfani.