Ɗan Baƙo da Ɗan Gari a Gaban Cuta



Mu da muka tsufa da alli a hannu, akwai abin da muka daɗe muna lura da shi ranar ɗaukar sababbin ɗalibai. Idan muka duba dantsen ɗan gari, galibi mukan ga tabon allurar tarin fuka. Amma dantsen ɗan ruga, ko ɗan mai ci-rani, ko ɗan gudun hijira, sau da yawa fes yake. A kan rashin wannan tabo za mu yi tsokaci a yau.

Rigakafin yara tafiya ce mai zango-zango: ranar haihuwa, sai mako 6, mako 10 da mako 14, sannan allurar ƙyanda a wata 9, a maimaita ta a wata 15. Wannan tsari ya dace da mai zama wuri guda. Uwar da 'yan bindiga suka tasa daga ƙauyensu kafin ta yi arba'in, ta iso nan ba kati, ba ta san hanyar asibiti ba, yaya za ta cika waɗannan zanguna? Haka kuma maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro da ake rabawa gida-gida da damina ga yara 'yan ƙasa da shekara 5: masu rabo gidajen da mai unguwa ya sani suke bi. Bukkar da ba ta cikin lissafi, sai a tsallake ta. Ga shan ruwan kududdufi, ga tamowa. Ƙyandar da ɗan gari zai tsallake, ita ke kai ɗan baƙo kushewa.

Kada mu ce babu ruwanmu. Nijeriya ta yi shekara biyu ba a ga shan-inna ba, sai a 2016 ta sake ɓulla a Gwoza da Jere ta Jihar Borno, inda rikici ya raba yara da masu rigakafi. Ba a tabbatar wa Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar ba sai a watan Agusta na 2020. Mashaƙon da ya addabi Kano a 2023 ma, yaran da ba su cika rigakafi ba ya fi kamawa. Cuta ba ta tambayar asali, kuma benci ɗaya 'ya'yanmu ke zama da nasu. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

A fannin ilmi mun ga darasi. Da aka kafa Hukumar Ilmin Makiyaya a 1989, manufar ita ce makaranta ta bi yaro har ruga. To, lafiya ma ta bi shi.

Saboda haka muna roƙon Ƙungiya abu uku. Na ɗaya, masu unguwanni da arɗo-arɗo su rubuta kowane yaro baƙo, a miƙa sunayen ga ma'aikatan lafiya. Na biyu, mu ɗauki nauyin man babur domin kai allura rugage da matsugunan baƙi kowane wata. Na uku, matanmu da ungozomai su riƙa raka iyaye mata baƙi asibiti, a sanar da su rigakafi kyauta ne, kuma rashin kati ba ya hana yaro allura.

Da yawanmu kakanninmu baƙi ne a garin nan, aka karɓe su hannu bibbiyu. Ɗa na kowa ne. Allah Ya raya mana zuriya, Ya ba mu lafiya da zama lafiya.