Ciwon Fargaba da Ƙwayoyin Kwantar da Hankali



An nemi mu yi magana a kan wani ciwo wanda ba ya sa zazzaɓi, ba ya fid da ƙurji, amma yana hana ɗalibi karatu, ya hana ma'aikaci aiki, watau ciwon fargaba. Kowa ya san faɗuwar gaba ranar jarrabawa ko ranar da aka kira shi gaban kwamitin ƙarin girma. Wannan ba ciwo ba ne, halitta ce, kuma tana wucewa da wucewar dalilinta. Abin da likitoci ke kira ciwo shi ne zullumin da ya zarce dalilinsa, ya yi wata da watanni bai saki mutum ba, barci ya ƙaurace, zuciya ta riƙa bugawa, jiki ya ɗaure. Akwai kuma wanda firgici ke auko masa farat ɗaya, numfashi ya sarƙe, ya tabbata ajali ne ya zo, alhali kuwa bayan 'yan mintoci abin ya lafa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 301 ne ke fama da ire-iren wannan ciwo, kuma kimanin ɗaya cikin huɗu ne kaɗai ke samun magani.

Kada wani ya ce ai cutar Turawa ce. Tun a 1960 wani likita mai suna Raymond Prince ya yi rubutu a kan ɗaliban Nijeriya da ke zuwa asibiti suna kukan zafi a ka, da jin kamar wani abu na tafiya a cikin kwanya, da kasa riƙe abin da suka karanta. Mu dai ba mu faye cewa "ina cikin damuwa" ba. Mun fi cewa kai ne, ko ƙirji ne, ko ciki ne, shi ya sa mutum kan sha maganin zazzaɓin cizon sauro da na taifot sau uku sau huɗu kafin a gane inda gizo ke saƙar.

To, ina maganar ƙwayoyi? Daga cikin na farko da suka yi tashe akwai dangin babiturat. Wasu masana biyu na Jamus, Emil Fischer da Joseph von Mering, su suka fito da Veronal a 1903, sa'an nan Luminal ya biyo baya a 1912. Suna sa barci ƙwarai, amma tsakanin ƙwayar da ke kwantar da mutum da wadda ke kai shi kabari ba nisa. Saboda haka duniya ta yi murna da Leo Sternbach, wani masanin haɗa magunguna na kamfanin Hoffmann-La Roche a Amurka, ya gano wani sabon dangi da ake kira benzodiyazefin. Librium ya shiga kasuwa a 1960, Valium kuwa, wanda sunansa na asali diyazefam, a 1963. Daga 1969 zuwa 1982 babu maganin da likitocin Amurka suka rubuta kamarsa. A 1978 kaɗai an sayar da ƙwaya sama da biliyan 2 a ƙasar.

Sai a 1977 aka gano yadda yake aiki. A cikin ƙwaƙwalwa akwai wani sinadari da aikinsa shi ne taka wa jijiyoyi burki. A taƙaice ana rubuta sunansa GABA, abin da zai ba Bahaushe dariya, tun da gabansa ne ke faɗuwa. Diyazefam ƙara wa wannan burki ƙarfi yake yi, shi ya sa cikin rabin sa'a ko sa'a guda mai fargaba kan ji an sauke masa kaya.

A nan ne ya kamata ɗalibi ya kasa kunne. Burkin nan ba ya zaɓe. Yadda yake rage tsoro haka yake rage saurin hannu da ido, kuma yana hana ƙwaƙwalwa ajiye sabon abu. Watau wanda ya kwana yana cin goro da shan kofi don ya yi karatu, gabansa ya yi ta bugawa, sa'an nan da asuba ya aika kemis a sayo masa ƙwaya don ya runtsa, ya biya kuɗi ne don a rage masa abin da ya haddace. Bugu da ƙari ƙwaƙwalwa tana sabawa. In aka yi makonni ana sha kullum, sai ta sassauta nata burkin, ƙwaya ɗaya ta daina isa, a koma biyu. Ranar da aka daina kwatsam, fargaba ta dawo fiye da da, ga rawar jiki, ga gumi, ga rashin barci, wani ma har jijjiga irin ta farfaɗiya, wadda tana iya kisa. Mutumin sai ya ɗauka ciwonsa ne ya tsananta, bai san maganin ne ke neman kansa ba.

Likitoci sun daɗe kafin su yarda da wannan. Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa dangin nan cikin magungunan da ake sa wa ido a 1984. A 1988 hukumar kula da amincin magunguna ta Birtaniya ta ce kada a ba da su don fargaba fiye da mako 2 zuwa 4, shi ma sai abin ya yi tsanani. Farfesa Heather Ashton ta Newcastle ta shekara 12 tana gudanar da wurin raba mutane da ƙwayoyin nan, daga 1982 zuwa 1994, kuma abin da ta koyar shi ne a riƙa ragewa kaɗan kaɗan, wani lokaci har watanni, ƙarƙashin kulawar likita. A 2016 hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi mafi ƙarfi game da haɗa su da dangin kodin da taramol, domin duka biyun suna danne numfashi. Barasa ma haka take. Wannan gargaɗi ya shafe mu kai tsaye, don mun san abin da ake haɗawa da D5 da rochi a lungunan garuruwanmu.

Ba muna cewa diyazefam guba ba ne. A hannun likita yana tsai da jijjiga, yana sassauta taurin jikin mai ciwon sandarewa, yana taimakon wanda za a yi wa tiyata. Laifin a wajen mai da shi abincin kullum yake. Ga ciwon fargaba kuwa, abin da aka fi dogara da shi yau iri biyu ne. Akwai jiyya ta hanyar zama da gwani, irin wadda Aaron Beck ya shimfiɗa tushenta a shekarun 1960, inda ake koya wa mutum ya binciki tunanin da ke tsorata shi, ya kuma tunkari abin da yake gudu sannu a hankali. Akwai kuma magunguna irin su satralin da fulokzetin, waɗanda ba sa bugarwa, amma suna ɗaukar makonni kafin a ga amfaninsu, kuma a farkon sha wani kan ji kamar abin ya ƙaru. Da yawa a nan suke yin fushi su koma ga mai kemis. Likitan kirki kuma zai fara duba ko ƙululun maƙoshi ne ke aiki fiye da kima, domin shi ma yana kawo bugun zuciya da rawar hannu.

Wuraren zuwa suna nan: asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna da Maiduguri da Kware, da sassan wannan fanni a asibitocin koyarwa na Zariya da Kano. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta hana a nuna wa mai irin wannan lalura bambanci a wajen aiki ko karatu. Muna roƙon shugabannin ƙungiyarmu su nemi hukumar jami'a ta ware ranakun ganin likitan wannan fanni a asibitin makaranta kafin jarrabawa mai zuwa. Wanda kuwa ya riga ya yi makonni yana shan ƙwayar, kada ya watsar da ita yau da dare don ya ji wannan lacca. Ya ɗauki kwalin ya kai wa likita, ya faɗa masa nawa yake sha da tun yaushe.