Makaɗin da ya bar dandali

 Yau za mu ba ku labarin wani makaɗi na ƙasar Kanada. Ana rubuta sunansa Glenn Gould, ana faɗi Gilen Gul. An haife shi a birnin Toronto a shekarar 1932.

Abin kiɗansa piyano ne. Piyano babban akwati ne mai maɓallai 88, farare da baƙaƙe. In ka danna maɓalli, wata ƴar guduma ta bugi waya a ciki, sauti ya fito. Shi wannan kiɗa rubuta shi ake yi a takarda. Mahaifiyar Gould ta fara koya masa, har ya iya karanta kiɗa tun bai iya karanta kalmomi ba.

A 1955 ya ɗauki kiɗan Bach a faifai. Bach Bajamushe ne, ya rasu tun 1750, amma rubutu ya adana kiɗansa. Faifan nan ya sa duniya ta san Gould. A 1957 ya je ya yi wasa a Mosko.

To, mutumin yana da halaye na ban mamaki. Ko lokacin zafi, yana sanye da babban kwat da safar hannu. Kafin wasa sai ya tsoma hannuwansa cikin ruwan zafi. Ba ya son musafaha. Ba ya zama sai bisa wata gajeriyar kujera da mahaifinsa ya gyara masa. Kujerar ta tsufa, shimfiɗarta ta cinye, bai rabu da ita ba. Yana kiɗa yana rera waƙa ƙasa-ƙasa, har ana jin muryarsa cikin faifai. Wasu suka yi ta yi masa dariya.

A 1964, yana da shekara 31, ya daina wasa gaban jama'a, bai sake ba. Me ya sa? A dandali, abin da hannu ya buga ya wuce ke nan. A ɗakin ɗaukar sauti kuwa, mutum yana iya saurare, ya sake, ya gyara. Sai ya koma yin faifai da shirye-shiryen rediyo. A 1981 ya sake ɗaukar kiɗan nan na Bach, a hankali fiye da na farko. Ya rasu a 1982, yana da shekara 50. Har yau ana sauraren faifansa.

Ku ma haka aikinku yake. Magana iska ce, rubutu yana zama, kuma yana gyaruwa. In harafi ya karkace, ku goge ku sake. In an yi muku dariya don kun riƙe alli da furfura, kada ku fasa zuwa aji.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.