Ajiya Kaɗai Ba Ta Isa Ba, Sai Da Mai Shela

 

An nemi in yi magana a kan rumbun ajiyar takardu na kwamfuta. Zan taƙaita a kan fanni guda, wato yadda rumbun zai riƙa sanar da jama'a abin da ya shigo cikinsa.

Mu fara da gida. Dagwalon masana'antun Sharaɗa yana bin rafin Salanta zuwa kogin Chalawa, inda na kamfanonin jima na Chalawa ma yake zuba. Na Bompai kuwa Getsi yake bi ya haɗu da Jakara, kuma da ruwan nan manoman rani ke ban-ruwan latas da kabeji. Shekara da shekaru ɗaliban Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello suna auna wannan ruwa, suna samun sinadarin kuromiyam na jima a ciki, suna rubutawa. To, amma wa ya gaya wa manomin? Wa ya gaya wa manajan kamfanin, ko jami'in hukumar NESREA da aka kafa a 2007? Ilmin yana nan a ajiye, mai shela ne babu.

Manhajar DSpace, wadda jami'ar MIT ta Amurka da kamfanin HP suka fitar a 2002, ita ce rumbun Kubanni na Jami'ar Ahmadu Bello yake amfani da ita. Duk lokacin da aka saka takarda, ko aka gyara ta, ko aka cire ta, sai manhajar ta rubuta cewa abu kaza ya faru, ta miƙa wa wani sashe mai rarrabawa, shi kuma ya kai wa sassan da ke jira. Amfanin wannan tsari shi ne ana iya ƙara sabon mai jira ba tare da an rushe ginin ba.

A ganina, sharuɗɗa uku ne za su sa wannan ya amfane mu. Na farko, mai karɓa ya zaɓi abin da ya shafe shi da lokacin da yake so, kullum ko mako-mako. Jiniyar kamfani kowa take kira, shi ya sa wanda ba ma'aikaci ba ya daina jin ta. Na biyu, hanyar saƙo ta dace da mutum: malamin jami'a a tura masa imel, manomin Jakara kuwa gajeren saƙon waya da Hausa. Na uku, kuma mafi muhimmanci, idan aka gyara sakamako ko aka janye shi, lalle a sanar da duk wanda ya karɓi na farko, don kada a yanke hukunci a kan kuskure.

'Yan'uwa, a cikinmu akwai malaman jami'a, da ma'aikatan gwamnati, da manajojin masana'antu. Roƙona shi ne, duk wanda aka kawo wa takardar sayen irin wannan rumbu, kafin ya sa hannu ya tambaya: wa zai ji labari, kuma ta yaya?