Ajin Turanci na Manya: A Bar Baki Ya Saba



Tun shekarar 1980, zamanin Gwamna Abubakar Rimi, aka kafa Hukumar Ilimin Manya ta Jihar Kano, kuma har gobe magidanta da matan aure na neman ajin Turanci. Ɗan kasuwar Kantin Kwari mai shekara hamsin ba digiri ya kawo shi ba. So yake ya cike takardar banki da hannunsa, ya yi ciniki da baƙo ba tare da tafinta ba.

Irin wannan ɗalibi, kunya ce babbar matsalarsa, ba ƙwaƙwalwa ba. Dattijon da ake rusuna masa a gida, yana tsoron ya buɗe baki a yi masa dariya. Shi ya sa nake goyon bayan malamin da ke zaunar da ɗalibai biyu-biyu, wannan ya zama likita wancan majiyyaci, su yi ta hira. Kuskure zai zo, musamman wajen bambanta harafin p da f, wanda ke wahalar da Bahaushe. A ƙyale mutum ya kai ƙarshen zancensa tukuna, sannan a gyara masa cikin mutunci.

Sai bita. Hidimar iyali takan share darasin jiya, don haka a fara kowane zama da maimaita na baya, kamar yadda almajiri ke tilawa kafin a ƙara masa karatu.

Roƙona ga hukumomi, a buɗe azuzuwan nan kusa da kasuwanni, a kuma sa lokacinsu bayan an tashi.